Alƙiblar Masallacin Kawu Sule

Tun da na dawo daga Garwa ba a bar ni na sha shayi cikin kwanciyar hankali ba. Duk wanda ya zauna kusa da ni a majalisa sai ya ce in nuna masa hotunan taurarin Kamaru, sai ka ce na can daban ne da na Zariya. To bari in faɗa sau ɗaya kowa ya huta: ban dawo da hoton kirki ko ɗaya ba. Labari kawai na dawo da shi, ga shi nan.

Ga wanda bai san ni ba, ni malamin makaranta ne, ina koyar da labarin ƙasa. Abin da ya cinye mini albashi shekarun nan kuwa shi ne kallon sama. Ina da madubin hangen nesa mai kaurin turmi, da ƙafa uku da yake zama a kai, da ɗan injin da ke juya shi a hankali yana bin taurari don kada hoto ya ja. A kwamfuta kuma ina da manhaja wadda in ka gaya mata garin da kake da lokacin da kake so, za ta zana maka sama yadda take, ta nuna maka inda rana da wata da kowane tauraro suke. Matata takan ce da awaki na saya da kuɗin nan, da yanzu muna da garke.

Dalilin tafiyar shi ne wayar da Hamadu ya yi mini. Hamadu ɗan Kawu Sule ne, shi kuwa Kawu Sule da mahaifiyata Binta 'ya'yan wa da ƙane ne. Mahaifin Kawu ya bar Kano da fataucin fata tun zamanin Turawa, ya zauna a Garwa, ya gina gida, ya gina ɗan masallaci a ƙofar gidan da hannunsa. A masallacin nan Kawu ya yi salla tun yana yaro har ya tsufa. Sai ga matasan unguwa, Hamadu a gaba, sun auna da wayoyinsu sun ce alƙiblar ta karkace, a fasa bangon gaba a sāke shi. Kawu ya ce sai dai a fasa bayan ransa. Matasa suka ƙaurace wa masallacin, uba da ɗa suka koma gaisuwa kawai.

"Yaya, kai ne mai kayan aiki," in ji Hamadu. "Ka zo ka auna. Baba ya yarda da kai, tun da kai ɗan Binta ne."

Na gaya masa kayan aikina ba za su raba wannan gardama ba, don tsoho ba zai yarda da kwamfuta ba in bai yarda da waya ba. Amma akwai hanyar da kowa zai gani da idonsa. Sau biyu a shekara rana takan tsaya daidai bisa Ka'aba, ɗaya a ƙarshen watan Mayu. A wannan lokacin, wanda a wajenmu yake kamawa da hantsi, duk wanda ya fuskanci rana ya fuskanci alƙibla, kuma inuwar duk abin da ke tsaye za ta shata layin a ƙasa. Muka yanke in zo a lokacin. Ba zan ɓoye ba, har da kwaɗayin duhun dajin Garwa a raina, don fitilun Zariya sun daɗe da cinye mana sama.

Daga Zariya zuwa Yola babu abin faɗi sai ciwon baya. Na biya wa madubin kujera guda, na ɗaure shi da rawani kamar mara lafiya, duk ramin da muka faɗa sai in ji shi a haƙarƙarina. Wata tsohuwa da ke bayanmu ta yi ta kallonsa, can ta taɓa ni ta tambaya ko ganga ce. Na ce a'a, na kallon taurari ne. Ta ce ita dai da idonta take kallonsu kuma ba ta taɓa biya musu mota ba.

Na kwana a Jimeta, da safe na hau wata tsohuwar mota mai zuwa Belel, bakin iyaka. Ruwan farko ya riga ya sauka, hanya ta yi laushi, sau biyu muna fita muna turi. A ɓangaren Kamaru ma'aikacin duwan, wato kwastan ɗinsu, ya sa na kwance kayan kaf a kan tebur. Ya juya bututun, ya leƙa bakinsa, ya yi mini tambaya da Faransanci, na amsa da Hausa, wani mai sayar da goro ya shiga tsakani yana fassara mana da Fulatanci da hannu. A ƙarshe ma'aikacin ya ce in kafa shi ya gani. Na kafa, na saita masa wata saniya da ke kiwo can gindin dutse. Irin wannan madubi kuwa a kife yake nuna abu, don a sama babu ruwan kowa da kai ko ƙafa. Mutumin ya sa ido, ya daɗe, ya ɗago ya ce saniyar ƙafafunta na sama. Na fara bayani, ya ɗaga mini hannu. Ya gaya wa mai goro a gaya mini an cuce ni, abin ya lalace, kuma shi ba ya karɓar haraji a kan kayan da suka lalace. Na yi godiya na tattara kayana, ban ƙara ko kalma ba.

Daga nan sai shingayen jandarmomi, wato jami'an tsaronsu, kowanne ya karɓi takarda ya juya ta gaba da baya, har muka wuce Gashiga muka gangara Garwa da la'asar. Zafin garin ya ba ni mamaki. Ni da nake taƙama da zafin Zariya, sai na ga ashe wasa muke yi.

Kawu Sule dogon tsoho ne siriri, mai farin gemu kaɗan, ba ya son hayaniya. Ya riƙe hannuna ya daɗe bai saki ba, yana tambayar mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, har da waɗanda suka rasu tun ina yaro. Aka sauke ni a ɗakin zaure, tagarsa na kallon masallacin. Matarsa, Dada Asta, ta aiko da tuwon masara da miyar yakuwa, wadda su suke kira folere, da giwan ruwa soyayye daga Binuwai. Da safe kuma shayi da burodinsu dogo kamar sanda, mai ɓawon da ke yanka dasashi. Hausar gidan ta ba ni dariya da tausayi a lokaci guda. Kawu yana yin irin ta kakanninmu, da kalmomin da na daɗe ban ji ba. Jikokinsa kuwa sukan fara magana da Hausa, su ratsa ta Fulatanci, su ƙare da Faransanci, kuma ba su damu da wane ne "ya" wace ce "ta" ba. Har ni an ce mini "ta zo lafiya?"

Matsala ta farko soket ce. Nasu mai ramuka biyu ne zagayayyu, nawa mai ƙafa uku. Kwamfuta ta mutu a hannuna ina kallo. Kawu ya leƙo ya ga ina juya waya, ya ce, "To, ɗan Binta, abin naka ko wutar garin bai sani ba, shi ne zai san alƙiblarsa?" Sai da Hamadu ya zo daga Pumpumre, unguwar da yake zaune, ya kai ni kasuwa a kan babur muka sayo mahaɗi.

Hamadu yana aiki a kamfanin siminti na Figil, sai ƙarshen mako yake zuwa gida, amma ya ɗauki hutu saboda wannan magana. Bayan la'asar ya tara abokansa a masallacin don su nuna mini hujjarsu. Masallacin ƙarami ne, na ƙasa, an yi masa shafen siminti da rufin kwano daga baya. Suka jera wayoyi huɗu a kan tabarma. Ɗaya ta nuna hagu, ɗaya ta nuna hagu sosai, ɗaya ta nuna wajen fanka, ta ƙarshen ta yi ta rawa ta ƙi tsayawa. Kawu yana zaune a gefe da carbi. Ya dube su ya ce, "Wacce ce Musulma a cikinsu, in bi ta?"

Na yi dariya har na ji kunya. Na gaya wa matasan gaskiya, cewa kamfas ɗin waya, abin da ke nuna arewa, yana ruɗewa kusa da ƙarfe, ga kwano a sama, ga fanka, ga lasifika. Fuskar Kawu ta saki, ya ɗauka na shigo bayansa. Wannan sakin fuskar ya dame ni, don ban ce masallacin daidai yake ba.

Washegari da na fito daga sallar asuba na tsaya a ƙofa har rana ta ɓullo. Na riga na duba a manhaja, na san a wannan watan inda take fitowa a Garwa bai da nisa da alƙiblar garin. Sai na ga ta fito can hagu da mihirabi, ɗan lungun nan da liman ke tsayawa, ba kaɗan ba kuwa. Masallacin gabas sak yake kallo, alƙiblar Garwa kuma gabas ce maso arewa. Tun daga lokacin na san amsar. Na koma ɗaki aka kawo mini shayin Dada Asta, na sha shi kamar magani.

Da yamma Hamadu ya ɗauke ni muka fita bayan gari wajen kogi, wai in ɗauki hotunana. Kafin injina ya bi taurari daidai, sai an saita shi da tauraron arewa, shi kuwa a can ƙasa-ƙasa yake, duwatsun arewacin garin sun tare shi. Ina cikin lalube hadari ya taso daga gabas ya rufe komai, sauro kuma suka ce ga abinci ya zo. Abin da na samu a kyamara bai wuce baƙin allo da ɗigo biyu ba. Muna naɗe kaya Hamadu ya yi maganar da ban zata ba.

"Yaya, kada ka ɗauka raini ne. Ni tun da na san ta karkace, in na tsaya a wurin zuciyata ba ta zama. In na je wani masallacin kuma, sai in ta tuna Baba yana can sahu bai cika ba. *Bon*, ni ban san yadda zan yi ba."

Na ce masa bangon fa, dole ne a fasa? Ya ce su dai haka suka ga ana yi.

Ana gobe ranar awo, Kawu ya shigo ɗakina bayan magariba ya zauna a bakin katifa. Bai taɓa yin haka ba. Ya dubi kwamfutar da ke buɗe, taurari na yawo a fuskarta, ya ce in rufe ta tukuna.

"Ɗan Binta, yaran nan sun ɗauka bango nake karewa. Bango ƙasa ce. Ni da tsohona muka kwaɓa ta, na san ƙasa ce." Ya ja carbi kaɗan. "In ta tabbata a karkace take, ni ina da rai, ko a zaune ne zan rama sallolin da na iya. Shi fa? Shekara nawa yana jan mutane salla a wurin nan. Wa zai rama masa?"

Na ce wannan ba fagena ba ne, a tambayi Modibbo, wato limaminsu, haka suke kiran malami a can. Ya ce ya san abin da Modibbo zai ce, ya ma taɓa ji a wa'azi. "Kunne ya ji," in ji shi. "Nan ne bai ji ba." Ya dafa ƙirjinsa. Sannan ya tambaye ni kai tsaye ko na riga na san amsar. Na ce rana za ta faɗa gobe, kowa ya gani. Ya dube ni ya daɗe, ya ce Allah ya kai mu, ya fita. Na tabbata ya gane. A daren nan na yi fatan hadari ya rufe garin mako guda, ni da na ƙetare iyaka don neman sararin sama.

Kamar an ji ni, gari ya waye a lumshe. Mutane suka taru a farfajiyar masallaci, lokaci ya zo ya wuce, babu inuwa ko ta mutum. Wani dattijo ya ce to, Allah ya raba gardama, a bar masallaci yadda yake. Matasa suka fara gunaguni. Na ce musu ranar ba ta gudu ba, gobe ma awon zai yi, bambancin bai kai a damu da shi ba. Kawu ne ya kashe maganar. Ya ce a dawo gobe, tun da an fara a gama.

Washegari sama ta buɗe tas. Tun da hantsi na share wani wuri a dandamalin siminti, na gwada shi da ɗan ma'aunin ruwan da ke jikin ƙafa ukun har na tabbata a shimfiɗe yake. Na cire madubin na ajiye a ɗaki, don ranar ba ta shi ba ce. Na kafa ƙafa ukun kawai, na ɗaura zare a tsakiya, na rataya masa wani nauyin ƙarfe da Hamadu ya samo wajen mai gyaran babur, na jira ya daina lilo. Kwamfuta na gefe a inuwa tana nuna mini rana na matsawa kan Makka a hankali. Duk kayan da na sha wahalar ɗaukowa, aikin ya koma kan zare da alli.

Modibbo ya zo, gajeren mutum mai fara'a, ya tsuguna kusa da ni. Mata suna leƙe ta kan katanga. Da ƙarfe goma ta wuce da 'yan mintoci na ce lokaci ya yi. Inuwar zaren ta kwanta a siminti, siririya, gajera, don rana ta yi sama. Na miƙa wa Modibbo allin, na ce shi ya shata, kada a ce baƙo ne ya ja layi. Ya ɗiga a kan inuwar wuri biyu, muka ɗora katako muka haɗa, muka ja layin har ƙofar masallaci.

Ba a buƙaci bayani ba. Layin bai nufi mihirabi ba, kusurwar hagu ya nufa. Na ji daɗi da matasan ba su yi murna ba, Hamadu ma kansa na ƙasa.

Modibbo ya miƙe ya karkaɗe hannu. Ya yi magana da Fulatanci, ya maimaita da Hausa saboda ni. Ya ce wanda ya gina masallacin nan ya yi iyakar ƙoƙarinsa da abin da yake da shi a zamaninsa, kuma wanda ya yi haka babu laifi a kansa, babu ramuwa a kan kowa, rayayye ko mamaci. Ya ce ba sai an taɓa bango ba, tabarmi za a juya. Dattawa suka gyaɗa kai. Kawu yana tsaye ya harɗe hannu a baya yana kallon layin allin, kuma na ga maganar Modibbo ba ta kai inda ya dafa jiya ba.

Mutane suka fara watsewa. Ina naɗe zare sai na ji shi a kaina.

"Ɗan Binta, abin nan naka yana da taswira?"

Na ce yana da ita.

"To duba mini. In mutum ya tsaya a mihirabin tsohona ya miƙe sak bai karkata ba, ina zai faɗa? Ina so in san inda muke kallo duk shekarun nan."

Ban san abin da zan gani ba, kuma ba zan yi masa ƙarya ba. Muka zauna a inuwar zaure, Hamadu na tsaye a bayanmu. Na buɗe taswira, na ja layi daga Garwa zuwa gabas. Ya ratsa kudancin Cadi, ya shiga ƙasar Sudan, Kawu na bin sa da yatsa ba tare da ya taɓa gilashin ba. Da layin ya kai daidai ƙasan Makka na tsaya na karanta sunan wurin.

"Habasha ce, Kawu."

"Habasha," in ji shi. Ya sake faɗa a hankali. Can sai na ga kafaɗunsa sun sauka.

"To, tsohona bai ɓata da nisa ba. Ai can aka fara tura Musulmi su fake lokacin da Makka ta yi musu zafi. Ba gidan baƙi muke kallo ba." Ya share ido da bakin rigarsa, bai ɓoye ba. Sannan ya waiwaya. "Hamadu, karɓo zaren nan wajen yayanka."

Su biyu suka shiga masallacin. Kawu ya riƙe bakin zaren a kan layin alli, Hamadu ya ja ɗaya bakin zuwa ciki, suka fitar da sahu. Aka ɗage tabarmi aka sake shimfiɗa su a karkace, suka bar 'yan kusurwoyi na siminti tsirara a gefe da gefe. Ba kyau a ido, gaskiya. Modibbo ya ɗauko buzunsa daga mihirabi ya kai kusurwar hagu, mihirabin ya zauna babu kowa.

Washegari da sassafe motata za ta tashi. Azahar ɗin ranar ita ce sallar farko da muka yi bayan an juya tabarmi. Masallacin ya cika har waje. Ina sahu na biyu, Kawu na gabana, Hamadu na damansa. Aka ta da iƙama, kowa ya daidaita ƙafa a kan sabon layi. Modibbo na ɗaga hannu zai yi kabbara, sai na ga jikin Kawu yana komawa dama da kansa, wajen mihirabin, inda ya saba tun yana yaro. Bai ma san yana yi ba. Hamadu ya matso da kafaɗarsa ya tare shi a hankali. Tsohon ya tsaya, ya gyara ƙafa, ya bar kafaɗarsa jingine da ta ɗansa, muka yi kabbara.